Ƙanƙantar kasuwanci ba ta hana kutse

Mai sayar da atamfa a Kantin Kwari ko mai haɗa turaren wuta a Maiduguri, idan aka yi masa maganar tsaron shafinsa na intanet, yakan ce shi me yake da shi da za a sata. Yana ɗauka wani ne ke zaune yana zaɓen wanda zai cuta. Galibin kutsen kuwa manhajoji ne masu sarrafa kansu ke yin sa. Dare da rana suke bin dubban shafuka suna tura ƙofa, wadda suka tarar a buɗe su shige. Ba ruwansu da girman jari.

Sama da kashi 40 cikin 100 na shafukan intanet na duniya da WordPress aka gina su. Da zarar an bayyana wata ɓaraka a ɗaya daga cikin ƙananan manhajojin da ake ɗora masa, sai farauta ta tashi kan duk shafin da bai sabunta ba. Banki yana da ma'aikatan da za su toshe ta nan take. Ƙaramin shago sai a shekara ba wanda ya leƙa.

Abin sata kuma akwai shi: lambobin wayar kwastomomi da adireshinsu, waɗanda 'yan damfara ke nema ruwa a jallo. Mai kutse yana iya sauya lambar asusun da ke shafin, kuɗin ciniki ya riƙa tafiya wani wuri, ko ya ɓoye shafin banki na bogi a ciki. Idan Google ya gano, sai ya sa jan gargaɗi a gaban shafin, kuma kwastoman da ya ga wannan da wuya ya dawo.

Yawanci tun daga ginin ake samun matsala. Ana biyan maginin sau ɗaya, a yi sallama. Wani, don rage kuɗi, manhajar sata zai ɗora, wadda sau da yawa tana zuwa da ɓoyayyiyar ƙofa. Wani kuma da sunansa zai yi rajistar adireshin shafin, ya riƙe kalmar sirri, ranar da aka neme shi waya a kashe.

Ya kamata mai kasuwanci ya karɓi mukullinsa. Rajista ta kasance da sunansa, kalmar sirri mai tsawo wadda ba a amfani da ita a wani wuri, da tantancewa mataki biyu. A rubuta a yarjejeniya wa zai riƙa sabuntawa da ajiye kwafin shafin a wani wuri dabam, kuma nawa ne kuɗin aikin. Manhajar da ba a amfani da ita a goge ta.

Doka ma ta shigo. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta wajabta wa mai riƙe da bayanan mutane ya sanar da hukumar NDPC cikin sa'o'i 72 idan aka samu kutsen da zai iya cutar da su. Wanda ya karɓi bayanan take kallo, wato mai shagon, ko da wani ne ya gina masa shafin.