Wa Zai Sa Ta Barci? Martani ga Masu Son Toshe Ƙofa da Digiri

Ni ma'aikacin rediyo ne, da baki nake cin abinci, ban taɓa riƙe sirinji ba. Na faɗi haka tun farko don kada wani ya wahalar da kansa wajen tuna mini cewa ni ba likita ba ne. Na sani. Amma na taɓa zama a bayan motar asibiti cikin dare ina riƙe da hannun ƙanwata, kuma wannan zaman ya ba ni izinin sa baki a maganar da zan yi.

Shekara uku ke nan, cikin damina, naƙuda ta kama ta a wani garin gunduma da ba zan ambaci sunansa ba. Yaro ya zo a gicciye, ungozoma ta ce sai an yi aiki. Asibitin na da ɗakin tiyata, akwai wuta, akwai likitan da ya iya fiɗa yana tsaye. Abu ɗaya ne babu: mai sa barci. Shi kaɗai ne a gundumar, kuma ran nan ya tafi jana'izar mahaifinsa. Ban ga laifinsa ba har gobe, shi ma ɗan Adam ne. Aka sa mu a mota zuwa babban gari, hanya duk ruwa ya cinye. Muka isa da asuba. Uwa ta rayu, yaro bai zo da rai ba. Allah ya ƙaddara, mun karɓa. Amma karɓar ƙaddara bai hana a tambayi abin da ya sa gunduma guda ta rataya ran matanta a wuyan mutum ɗaya ba.

Kafin wannan dare ni ma ina cikin masu ɗaukar aikin a matsayin "allurar barci" kawai. Daga baya na zauna da masu yin sa, suka buɗe mini ido. Sa mutum barci shi ne mafi sauƙi. Riƙe shi da rai yana barcin, a kuma tashe shi lafiya, nan aikin yake. Idan an yi wa mai ciki allurar ƙashin baya don ƙasan jikinta ya mutu, bugun jininta kan faɗi farat ɗaya, sai mai sa barci ya tare shi da ruwa da magani. Idan allurar ta haura sama fiye da kima, numfashi na iya tsayawa. Idan kuma barcin gaba ɗaya aka sa ta, dole a zura bututu a maƙogwaro ya riƙe hanyar iska, ga shi maƙogwaron mai ciki ya fi wuyar shiga, abin da ke cikin tumbinta kuma na iya komawa huhu. Ƙwaƙwalwar da ta rasa iska na 'yan mintuna ta fara lalacewa ke nan. Duk wannan yana hannun mutumin da ke zaune a wajen kan majinyaci, wanda dangi ko sunansa ba sa tambaya idan an fito. A asibitocinmu na gunduma, wannan mutum galibi ma'aikacin jinya ne da ya ƙaro horo, infirmiye kamar yadda muke cewa a nan.

To, kwanaki na shirya zama a kan wannan batu a filina na lafiya. Ɗaya daga cikin baƙina, mutum mai ilimi da nake girmamawa, ya kawo shawarar da ta sa na ɗauki alƙalami yau. Ya ce tunda aikin na da haɗari, a ɗaga sharaɗin shiga makarantarsa, kada a karɓi kowa sai mai babban digiri, domin a Amurka yanzu nas ba ya zama mai sa barci sai da digirin dakta. Masu aiko saƙo da yawa suka tafa masa. Kalmar Amurka kan yi mana haka.

Abin da ya faɗa game da Amurka gaskiya ne. A can sai mutum ya yi digirin farko na jinya, ya yi aƙalla shekara ɗaya cur yana aiki a sashen masu rai kwakwai mutu kwakwai, sannan ya nemi gurbi a makarantar da karatunta ba ya gaza wata 36. Daga Janairun 2022, duk ɗalibin da aka ɗauka, a layin digirin dakta aka ɗauke shi. Ɗalibai da yawa sukan ajiye aiki su ci bashi mai nauyi kafin su gama. Amma baƙona ya ba mu ƙarshen labari ne, ya ɓoye farkonsa.

Ga farkon. A ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, wata ma'aikaciyar jinya mai suna Alis Mago ce ke sa wa majinyatan 'yan'uwan nan biyu likitoci, su Mayo, barci a garin Rocesta ta jihar Minesota. A 1906 ta wallafa rahoton tiyata sama da 14,000 da ta sa barci ba tare da mutum ɗaya ya mutu sanadin maganin ba. Ba ta da digirin dakta, ba ta da na biyu. A 1909 aka buɗe makarantar farko ta koyar da nas-nas wannan aiki a Fotlan ta jihar Oregon. A 1931 suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa. Sai a 1998 digiri na biyu ya zama wajibi a makarantunsu. Ka ƙirga da kanka, ya kai mai karatu: kusan shekara 90 tsakanin makarantar farko da sharaɗin digiri na biyu, sannan wasu shekaru sama da 20 kafin na dakta. Sun cika ɗakunan tiyatarsu da mutane tukuna, sannan suka riƙa ɗaga tsani mataki-mataki. Har yau kuma nas-nas ɗin nan su ne ginshiƙin aikin a asibitocin karkarar Amurka. Mu da ɗakunanmu ke wayam, ana ce mana mu fara daga matakin da su suka kai bayan shekara ɗari. Zanen aro ba ya rufe katara.

Ko Faransa da muka gaji tsarin karatunta ba ta yi haka ba. Can nas sai ya yi shekara 2 yana aiki kafin ya zauna jarrabawar shiga, ya yi wata 24 yana horo, kuma sai a 2014 aka fara ba takardar shaidarsu darajar digiri na biyu. A Kenya, asibitin Kijabe ya daɗe yana ɗauko nas-nas yana horar da su wata 18, su koma asibitocin karkara su yi aiki.

Yanzu mu dubi namu gida. A 2015 kwamitin da mujallar likitanci ta Lancet ta kafa ya ƙiyasta cewa mutum biliyan 5 a duniya ba sa samun tiyata da sa barci mai aminci a kan kuɗin da za su iya biya. A 2017 ƙungiyar likitocin sa barci ta duniya ta fitar da ƙidayar da ta nuna ƙasashe 77 ba su kai likita 5 na wannan fanni ga kowane mutum 100,000 ba, alhali 5 ɗin shi ne mafi ƙarancin abin da ta ce a fara da shi. Nijar ta haura mutum miliyan 25. Da wannan ma'auni muna buƙatar irin waɗannan likitoci sama da 1,250, kuma kowane ɗaya sai ya share fiye da shekara 10 a karatu. Wanda ya taɓa shiga asibitin gunduma ya san ko ƙurar wannan adadi ba mu hango ba. Tun 2005 gwamnati ta ce fiɗar haihuwa kyauta ce, an kuma horar da likitocin da ba ƙwararrun fiɗa ba su riƙa yin aikin a gundumomi. Dabara ce mai kyau. Sai dai fiɗa kyauta ba ta da amfani ga matar da aka kwantar a gado babu mai sa ta barci.

Ba zan yi irin abin da na zargi baƙona da shi ba, wato ɓoye rabin labari. Akwai hujjar da ke gefensa, kuma mai nauyi ce. Wani babban nazari da aka wallafa a 2016 a kan ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi ya gano cewa cikin matan da suka mutu a lokacin fiɗar haihuwa ko bayanta, kusan kashi 14 cikin 100 sa barci ne sanadi, kuma mace-mace sun kusa ninka biyu a inda wanda ba likita ba ne ya yi aikin. Wani nazarin na 2019 a asibitocin Afirka ya nuna matanmu na mutuwa bayan wannan fiɗa ninki 50 a kan matan ƙasashe masu arziki. Waɗannan alƙaluma sun hana ni barci. Amma a ina nas-nas ɗin nan suke aiki? A wuraren da jini ke ƙarewa, iskar oksijin ke yankewa, majinyaciya ke isowa bayan ta kwana biyu tana naƙuda, kuma babu babba ko ɗaya da za a kira. Abin da alƙaluman ke faɗa mini shi ne a ƙara ingancin horo, a ba da kayan aiki, a sa ido. Idan aka rufe ƙofa aka rage yawansu, ba ƙwararren likita ne zai maye gurbinsu a gundumar ƙanwata ba. Kujerar za ta zauna babu kowa, ko kuma wani da bai taɓa koyo ba ya ɗauki ketamin ya yi ta maza.

A cikin shirin nan wani ma'aikacin jinya ya bugo daga wani ƙauye. Ya ce, "Malam, shekarata 11 a daji. Na karɓi haihuwa da fitilar wayar salula, na farfaɗo da jariran da aka cire wa rai. Sau biyu ina neman shiga karatun nan. Jarrabawar ta takarda ce, yaran da suka fito aji jiya su ke cinyewa. Ko na ci ma, wa zai riƙe mini asibiti, wa zai ciyar mini da iyali a birni?" Na juya ga baƙona na ce, "Dokta, me za mu ce masa?" Ya ce ya ƙara ƙoƙari. Ni wannan amsa ba ta ishe ni ba.

Abin mamaki, sharaɗin Amurka da ya fi dacewa da mu shi ne wanda ba a ambata ba. Kafin su dubi komai, sai sun tabbatar mai nema ya tsaya a kan majinyaci mai mutuwa, dare da rana. Kafin su sallame shi kuma, sai ya cika aƙalla sa'o'i 2,000 a asibiti, ya sa ɗaruruwan mutane barci a gaban malami, an rubuta kowane ɗaya. Wannan ne ya kamata mu aro, mu bar musu rigar dakta tukuna.

Don haka ga abin da nake kira a yi, kuma ina magana ne da ma'aikatun lafiya da makarantun horo na ƙasashenmu baki ɗaya, daga Yamai zuwa Kano, daga Tamale zuwa Garwa. A wajen ɗauka, shekarun da mutum ya yi a ɗakin haihuwa ko na gaggawa su zama maki da ake ƙirgawa, a kuma gwada hannunsa kamar yadda ake gwada alƙalaminsa. A ware wa kowace gunduma gurabenta, ta turo 'ya'yanta da suka riga suka zauna da ita, su sa hannu cewa za su koma su yi wasu shekaru. Wanda gidansa da gonarsa ke garin ya fi baƙo zama. Kada a bar asibitin da ke fiɗa da mai sa barci ƙasa da biyu, domin mutum ɗaya yakan yi ciwo, yakan yi rashi. Albashin ɗalibi ya ci gaba yana karatu, a kuma tura wanda zai riƙe masa wuri.

Tsananin da baƙona ke so, ni ma ina so, amma a ƙofar fita. Wanda bai iya zura bututun iska ba, wanda bai san abin yi ba idan jini ya faɗi, kada a ba shi takarda ko ɗan wane ne. Bayan ya fita kuma kada a jefar da shi a manta. A haɗa shi da ƙwararren likita a babban asibitin jiha da zai iya bugo wa waya da tsakar dare, a riƙa dawo da shi sabunta ilimi, a tabbatar yana da 'yar na'urar nan da ake maƙalawa a yatsa mai nuna yawan iska a jini. Sannan a shimfiɗa masa tsani: digirin farko, na biyu, har na dakta ga mai so, yana aiki yana hawa, girmansa da albashinsa na ƙaruwa. Idan babu wannan, da ya ƙware zai tattara ya koma birni ko wata ƙungiyar agaji, kuma ba wanda zai ga laifinsa.

Na san za a ce ina neman a yi wa talaka aikin "da babu gara ba daɗi". Wanda zai faɗi haka ya fara gaya mini sunan ƙwararren da zai tare a gundumar da babu kwalta. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni ina son ranar da kowace gunduma za ta samu likitan sa barci mai digirori jere, kuma a ci gaba da horar da su da gaggawa, don su ne za su koyar, su ne za su sa ido. Amma matar da naƙuda za ta kama a daren yau ba za ta jira shekara 10 ba.

Ƙanwata ta sake samun ciki bara. Da watan haihuwa ya kama, muka ɗauko ta muka kawo birni ta zauna a gidana, don ba mu yarda mu sake gwada sa'a ba. Mu muna da ɗan'uwa a birni da ɗakin saukar baƙi. Maƙwabtanta ba su da shi. Dokta, makirufo na nan a buɗe, ka dawo mu ƙarasa, amma wannan karon zan gayyato infirmiyen nan na ƙauye ya zauna kusa da kai. Allah ya sauki masu ciki lafiya, ya saka wa masu kwana a kan marasa lafiyarmu da alheri.