Kwat a Gaya, Rigar Fata a Ajingi

'Yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata, ku dubi abin da yawancinmu ke yi da albashin fari. Da zarar an tura saurayi aiki sakatariyar Gaya ko wata makaranta a Ajingi, sai ya garzaya Kano ya sayo kwat da laktaye, wai don a san ya yi boko. Alhali kuwa kwat tufa ce da aka ƙirƙira don sanyin Ingila. A watan Afrilu, sa'ad da zafi kan haura digiri 40, mai kwat a ofishin da babu wuta ba abin da yake sai sharɓar gumi, talakan da ya zo da buƙata kuwa yana ɗari-ɗari da shi kamar ya ga baƙo. Ban ce a haramta ta ba. Mobutu ya yi haka a Zayar a farkon shekarun 1970, bai hana ƙasarsa tsiyacewa ba. A ajiye guda ɗaya don ranar ganawar neman aiki, ta isa.

Rigar fata, wadda samari ke kira jaket, ita ce ta ci kuɗinta. Duk wanda ya taɓa hawa babur da asubahin hunturu daga Wudil zuwa Gaya ya san iskar nan ba ta jin kunyar kaftani. Fata tana tare iska, ƙura ba ta kama ta, a goge da tsumma a wuce. Tana hawa kan kaftani, tana hawa kan shat, a shiga aji da ita, a je gona da ita, ta shekara goma ba ta gaza ba.

Amma daga ina muke samo ta? Daga dilar gwanjo a Ƙofar Wambai, ko kuwa roba ce mai kama da fata, wadda kan fara saɓulewa kafin hunturu na biyu. Wannan shi ne abin kunyar. Fatar jar akuyar ƙasar Hausa ita ce Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, domin ta can ayari kan kai musu ita. Barth, da ya zo Kano a 1851, ya rubuta yadda takalman Kano ke kaiwa ƙasashe masu nisa. Yau akuyar da aka yi kiwo a ƙauyukan Ajingi, a jeme fatarta a Challawa ko Sharaɗa, a loda ta zuwa Italiya ko Sifen, can a yanka a ɗinka. Mu da kiwo da warin jima, su da riba.

Ga majema, ga dukawa, ga cibiyar binciken fata a Zariya. Abin da babu shi ne mai saye. Ƙungiyar ɗaliban Gaya da ta Ajingi, da kan buga riguna masu tambari, su gwada haɗa kuɗin mutum hamsin su kai wa baduku da tela aiki tun watan Oktoba, kafin sanyi ya sauka. Ɗinkin farko ba lalle ya yi kyan na Italiya ba. A mayar a gyara, tunda mai ɗinkin yana nan kusa.