Karan Gero Ba Shara Ba Ne

A shekarar 2021 kamfanin Stora Enso ya soma gwajin mayar da sinadarin itace gawayi mai tauri a ƙasar Finlan, domin yin batir. Akan gasa tsiro ne da zafi fiye da digiri 1,000, ba tare da iska ba. Ci gaba ne babba, amma kada masana'antu su sa wa karan geron Maigatari da Gumel ido. A nan kara shi ne abincin dabbobi, shi ne danga, shi ne garkuwar gona idan iska ta taso. Ɓawon gyaɗa da ɓuntun shinkafa su suka fi dacewa. Ya kamata ɗalibai da malamansu su auna yawansu tun kafin baƙi su yanka musu farashi.