Kunyar riƙe sanda na tsawaita jinya

Duk wanda ya taɓa zama a harabar Asibitin Ƙashi na Dala da ke Kano, wanda aka buɗe tun 1959, ya san irin mutanen da ake kawowa: ɗan acaɓa da mota ta buge, magini da ya faɗo daga tsani, dattijuwar da santsi ya kwasa a bakin rijiya. Likita zai gyara ƙashi ya ɗaure, ya ba da sanduna biyu, ya ce kada a taka ƙafar sai ya ba da izini. Da an koma gida, da yawa sai su jingine sandunan a bayan ƙofa. Magidanci ya gwammace ya bi bango yana ɗingishi, yana cije leɓe, da maƙwabta su gan shi da sanda a hammata. In ɗansa ya miƙo hannu zai raka shi banɗaki, sai ya ture hannun ya ce, "Bari, yaro, ban kai nan ba." Mutane na kiran wannan dauriya, amma ni ina ganin cutar da kai ce, kuma iyali ma suna shan ɗacinta.

Ƙashi ba ya sauraron jarumtakar mai shi. Karaya tana haɗuwa ne a hankali, da farko da wani nama mai laushi da ke tsirowa tsakanin gutsattsarin biyu, sannan ya yi ta tauri cikin makonni. Ƙashin ƙwauri kan ɗauki watanni kafin ya iya ɗaukar nauyin mutum. Wanda ya taka kafin lokaci yana iya gotar da haɗin, ƙafar ta warke a karkace ko ta ƙi haɗuwa, a koma ɗakin tiyata da sabon kuɗi. Masu ɗori na gargajiya ma sun san haka, shi ya sa suke ɗaure gaɓa da kara su hana ta motsi. Sanda wani ɓangare ne na magani, kamar allura da ƙwaya, kuma ba mu taɓa jin wanda ya ji kunyar haɗiyar ƙwaya ba.

To daga ina kunyar take? A idonmu sanda da keken guragu sun riga sun haɗu da bara, domin a bakin titi da ƙofar masallaci muka fi ganinsu. Mai karaya yana tsoron a yi masa kallon mabaraci. Wannan tsoron yana da muni fiye da yadda ake zato, don yana nufin mun yarda cewa waɗanda ke rayuwa da waɗannan kayan shekara da shekaru mutuncinsu ragagge ne. Addinin da yawancinmu ke bi bai koyar da haka ba. Ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi (SAW) ya faɗo daga doki ya ji rauni a gefensa na dama, ya yi salla a zaune a gaban sahabbansa. Da Ummu Salama ta yi ƙorafin rashin lafiya, umartar ta ya yi ta yi ɗawafi a kan abin hawa. In an karɓi ɗawafi a haka, ban ga dalilin da zai sa zuwa kasuwa da sanda ya zama abin ɓoyewa ba.

Akwai hujjar da ta fi wannan nauyi, kuma ban raina ta ba. Majinyaci zai ce, "Na zama kaya. Matata ta bar sana'arta, ɗana ya daina zuwa makaranta saboda ni." Gaskiya ne, jinya tana cin kuɗi da barci da haƙuri, musamman a gidan da sai an fita ake ci. Sai dai lissafin bai fita yadda yake so ba. Ƙin taimakon wata biyu kan jawo jinyar wata shida, kuma matar nan da yaron nan su ne za su ɗauke ta. Uwar gidan da ta karye a hannu ta nace sai ta tuƙa tuwo don kada a ce ta kwanta, 'ya'yanta ne za su sake kai ta asibiti.

Wasu kuma suna tsoron majinyaci ya shagwaɓe ya saba da a yi masa komai. Yana faruwa, kuma likitocin gashin ƙashi ba sa son mutum ya daɗe a kwance, don tsoka na saki, gaɓoɓi na sandarewa. Amma wannan hujja ce ta riƙe sanda, domin da ita ce mai karaya ke tashi da wuri ya kai kansa alwala, ya fita zaure ya gaisa da masu dubiya ba tare da an ciccibe shi ba. Abin da ke tsare shi a gida sau da yawa matakala ce da ƙofar da keke ba ya shiga. Dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, wadda aka sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba gine-ginen jama'a shekara biyar su gyara hanyoyin shigarsu. Wa'adin ya cika, kuma har yanzu a masallatai da ofisoshi da yawa sai mutum biyu sun ɗaga keke kafin mai shi ya shiga.