Gargaɗin Zafi Ba Ya Amfani Sai Ya Iso Karaye da Rogo

A tsakiyar watan Fabrairun 2024, lokacin da a bisa al'ada mutanen ƙasar Kano ke ƙarasa sallama da sanyin hunturu, Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, ta yi gargaɗi cewa zafi ya kai digiri 41 a wasu sassan Arewa, kuma zai daɗe bai sauka ba. Kafin a cika wata biyu, ranar 3 ga Afrilu, ma'auni ya nuna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutum 102 da suka rasu a kwana huɗu na farkon watan, ana tsaka da azumi, likitoci kuma suka ce mai yiwuwa zafin na da hannu a da yawa daga cikinsu. Daga baya Hukumar Yanayi ta Duniya ta tabbatar da cewa tunda aka fara ajiye lissafi ba a taɓa ganin shekara mai zafin 2024 ba. A ganina, gargaɗin da ya tsaya a Abuja da shafukan intanet, bai iso kunnen manomin Karaye ko mai saran rake a Rogo da harshensa ba, bai kare kowa ba. Aikin isar da shi kuwa na ƙananan hukumomi ne da masarauta.

Zafin da ya yi sammako ya fi na tsakiyar bazara haɗari, domin jikin ɗan Adam yana bukatar mako ɗaya zuwa biyu kafin ya saba da zafi, ya riƙa fitar da gumi da wuri ba tare da zubar da gishiri mai yawa ba. Idan rana ta buɗe bagatatan bayan hazo, sai ta tarar da jikin bai shirya ba. Tsofaffi, jarirai, masu juna biyu da masu hawan jini ko ciwon ƙoda su ne kan gaba wajen jigata, musamman idan dare ma bai yi sanyi ba. Gona ma ba ta tsira. Manomin rani da ke ban ruwa a gefen madatsar Challawa ya san alkama tana son sanyi a lokacin da take cika ido, idan zafi ya riske ta a nan sai ƙwayar ta motse, buhu ya ragu. Tumatir kuma yakan zubar da fure. Ga shi lokacin ya faɗo cikin watannin sanƙarau, cutar da Kano ba ta manta ɓarnarta ta 1996 ba.

Sanarwar NiMet takan fito da Turanci a Facebook da X, alhali waɗanda rana ke duka su ne ɗan ga-ruwa, ɗan acaɓa, masunci, makiyayi, matar da ke gaban murhu, da yara sun cika aji maƙil ƙarƙashin kwanon da ba shi da silin, ƙarfe ɗaya na rana, ba randa ba famfo. Abin da suke bukatar ji bai da yawa. Ciwon kai, jiri, kasala da fitsari kaɗan mai duhu alamu ne na ruwan jiki ya ƙare, sai a nemi inuwa a sha ruwa, ko haɗin gishiri da sukari. Idan mutum ya fara sambatu, ko ya suma jikinsa ya yi zafi rau, to rai ne a hannun Allah: a kai shi inuwa, a sassauta masa tufafi, a kwarara masa ruwa, a yi masa fifita, sannan a garzaya asibiti. Wannan bayani bai fi minti biyu ba a bakin liman bayan sallar Juma'a.

Akwai inda aka gwada aka ga amfani. A birnin Ahmedabad na Indiya, zafin watan Mayun 2010 ya ci rayuka sama da 1,300. A 2013 hukumar birnin ta fito da tsari: hasashe ya zo da wuri, a sanar da jama'a da harshensu, a horar da ma'aikatan asibiti, a ajiye ruwan sha a wuraren taruwa, daga baya aka ƙara da shafa wa rufin gidaje farin fenti. Mace-macen suka ragu. Karaye da Rogo suna da abin da zai sauƙaƙa irin wannan. Tun 2024 ƙananan hukumomin biyu ne ke ƙarƙashin Masarautar Karaye, saƙo kuwa daga fada zuwa hakimi, dagaci da mai unguwa hanya ce da aka saba bi a lokacin rigakafin shan inna. Abin da ya rage shi ne a naɗa jami'i guda a kowace sakatariya da zai riƙa bibiyar hasashen NiMet, ya juya shi Hausa, ya tura ta wannan hanya da rediyo a ranar da ya fito.

Wani zai ce bazara dama da zafinta aka san ta, iyaye da kakanni sun yi ta ba tare da sanarwa ba. Gaskiya ne, amma sun yi ta ne a soro mai kaurin bango da rufin azara, wanda ke tsare zafin rana a waje, ga ɗorawa da tsamiya a gona, ga inuwar ceɗiya a ƙofar gida. Yau bulo ne da kwano, itatuwan kuma da yawa sun tafi a itacen girki da gawayi. Zafin kansa ya ƙaru, kariyar ta ragu, don haka juriyar da ta ishi mutanen da ba lallai ta ishi jikokinsu ba.

Hujjar da ta fi ƙarfi ita ce talaka ba ya iya zama a gida, wanda bai fita ba ba zai ci ba. Shi ya sa shawarar "a zauna a inuwa" ita kaɗai ba ta isa ba. Abin da zai yiwu shi ne sauya lokaci. Ƙwadago ya fara daga asuba zuwa hantsi, a koma bayan la'asar, kamar yadda manoma suka saba yi da azumi. Makarantu su tashi da wuri a ranakun da aka yi gargaɗi. Shugabannin kasuwa da na tasha su ajiye randuna ƙarƙashin rumfa. Batun rashin kuɗi kuwa, waɗannan matakai ba kwangilar titi ba ne. Mafi tsada a cikinsu shi ne gyaran rijiyar burtsatse da sa sola a ƙananan asibitoci, kuma tun hukuncin Kotun Ƙoli na Yulin 2024 kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi jama'a ke da ƙarin hujjar tambayar shugabanninsu inda kason lafiya ya shiga.

Rigakafi ya fi magani, kuma lokacin yinsa Janairu ne, tun ana jin ɗari. Shugabannin ƙananan hukumomin Karaye da Rogo su zauna da masarauta, limamai, shugabannin makarantu da ma'aikatan lafiya, su rubuta wa zai yi me a ranar da gargaɗi ya fito. Kowane asibiti kuma ya fara rubuta yawan waɗanda zafi ya kawo, domin a ƙarshen bazara a iya auna abin da aka yi, a gyara na baɗi.