Madabod Mai Araha Da Kuɗin Fetur

'Yan uwa masu shagon buga takardu a Bosso, don Allah ku daina duba farashin madabod kaɗai. Ana ce wa Neja jihar wuta, ga Shiroro ga Kainji, amma janareta ke riƙe da shagunanmu, kuma tun da aka cire tallafin mai a 2023 kowa ya san kuɗin lita. Madabod ɗin gwanjo mai Core i5 na 2011, furosesarsa kaɗai kan ja har wat 95. Mai Intel N100 kuwa, wat 6. Ya isa buga furojet ɗin ɗalibai, ƙaramin inbata ma zai ɗauke shi. Masu haɗa bidiyon biki, ba da ku nake ba.