Ba Kowace Gajiya Ce Ragwanci Ba

Waƙoƙinmu na noma cike suke da zambon raggo, mu ma malaman adabi muna nazarinsu a aji muna dariya. To, amma wa ya ba mu iznin kiran duk wanda ya kasa ɗaga fartanya raggo?

Akwai cutar da likitoci ke kira ME, wato ciwon matsananciyar gajiya, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya cikin cututtukan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi tun 1969. Babbar alamarta ita ce, in mai ita ya yi ɗan aiki, ko da ɗibar ruwa ne, sai ciwon ya taso masa bayan yini ɗaya ko biyu, ya kwantar da shi kwana da kwanaki. Barci ba ya wartsakar da shi.

A Mararaban Rido, ko Kafanchan, mai irin wannan hali kantin magani za a kai shi. A ba shi maganin zazzaɓin sauro, a bi da na taifot, a ƙara da na ƙarin jini. In abu ya ƙi, sai a ce jifa ne, ko kuwa dangi su yanke hukunci cewa son jiki ne, ya tashi ya motsa.

Wannan shawara ta "tashi ka motsa" ita muke ƙalubalanta. A 2015 masu bincike a Jami'ar Newcastle ta Ingila suka ɗebi ƙwayoyin tsokar marasa lafiyar, suka rene su a ɗakin gwaji, suka motsa su da lantarki. Ƙwayoyin masu lafiya suka ƙara zuƙar sukari kamar yadda aka saba, nasu kuwa suka gaza. Ƙwayar tsoka a faranti ba ta san ƙyuya ba, ba ta kuma da maigidan da za ta yi wa ƙaryar ciwo! A 2021 hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a Ingila ta janye shawararta ta ƙara wa masu ciwon motsa jiki daki-daki.

Kada kuma wani ya ce ciwon Turawa ne. Binciken Njoku da Jason na 2007 ya same shi a Nijeriya, kimanin mutum 7 cikin 1,000 na manya. Muna neman likitocinmu da masana harshe su zauna su raɗa masa suna da Hausa, domin a yanzu sunan da ɗalibi mai shi yake samu a ajinmu shi ne malalaci.